Kwaɗon da Minista Ta Haɗiye

Ellerbrook, 11 ga Maris

Zuwa ga Gesa, jikar 'yar'uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Torben da wannan kyanwar taku mai baƙin hali. Ni lafiyata lau in aka cire gwiwar hagu. Likita ya ce hutu take so. Na ce masa shekara talatin da huɗu ta yi tana tuƙa keken gidan waya ba ta taɓa neman hutu ba, sai yanzu da ta ga na kai saba'in da tara za ta raina ni? Ya yi dariya ya rubuta min man shafawa.

Na ji kiranki sau uku, ban ɗauka ba. Kin san kunnena, kin kuma san ra'ayina: maganar da ba a manna mata kan sarki ba, ba ta zauna ba tukuna. In kina da abin faɗa ki rubuta.

Na ga hotonki a jikin sandar fitila gaban gidan burodi. Sun goge miki fuska har sai da na karanta sunan na tabbatar ke ce. Daga kansila zuwa takarar majalisar jiha, a jam'iyyar masu kare muhalli! Da kakarki Adelheid na raye da babu mai zama lafiya a ƙauyen nan. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, amma alfahari duk ita ta kwashe, shi ya sa nake yi a madadinta.

To, kwaɗi sun tashi. Talata aka yi ruwa mai ɗumi, Laraba da sassafe na tarar da ɗari biyu da sha ɗaya. Aikin yana nan yadda kika bar shi: shinge a bakin daji, bokiti ashirin da biyu binne a gindinsa, su bi shingen su faɗa ciki, mu kwasa mu tsallakar da su titi zuwa tafki su yi ƙwansu. Abin da ya canza shi ne mutane. Da mu sha biyar ne, bana mu huɗu, kuma ƙaramarmu shekararta sittin da takwas.

Hinnerk maƙwabcina yana nan da bokitinsa da bakinsa. Jiya muna tsallakawa ya ce, "Irmhild, 'yar nan taku in ta ci zaɓe tarakta za ta fara hana mu."

Na ce, "Da bakinka ta fara hanawa da ni ma na shiga jam'iyyarsu."

Ya ce, "Ni fa ba don kwaɗi nake fitowa ba. Tausayinki nake ji."

Shekara ashirin da shida ke nan yana jin tausayina da ƙarfe shida na safe.

Yanzu ga ainihin maganar. Ana ta cewa za a faɗaɗa titinmu ya koma layi huɗu saboda manyan motocin da ke zuwa tashar jirgin ruwa. In aka yi haka, babu mai barin tsohuwa ta tsallaka da bokiti, kuma ko an bar ni ba zan kai ba. Su kuwa kwaɗi ba sa sauya tafki. Inda aka ƙyanƙyashe su nan suke komawa, ko da tayar mota ce a tsakani. Shekara uku ta isa tafkin ya yi shiru.

Kina shekara tara, lokacin hutun Ista, kin tsaya a kan wani kwaɗo da mota ta take kina kuka, kika rantse sai kin zama shugabar ƙasa kin hana mota gaba ɗaya. Ban riƙe ki da wannan ba. Kwalbati kawai nake so a ƙarƙashin titin, su riƙa wucewa da ƙafarsu, kafin tawa ƙafar ta ƙi.

Gwaggonki,
Irmhild

*

Daga birni, 22 ga Maris

Gwaggona,

Na gaishe ki, na gaida gwiwar hagu, ki ce mata ta ji tsoron Allah. Muna lafiya. Torben na gaisuwa. Kyanwa ba ta gaisuwa, ta ji abin da kika ce.

Hoton nan ni ma kunyarsa nake ji. Na ce su bar min tabon haɓata, wanda na samu da na faɗa cikin bokiti na bakwai, suka ce masu zaɓe ba sa son tabo.

Kullum ina dandalin kasuwa ƙarƙashin laima, ina raba takarda da 'yan ƙullin irin furanni. Mutane na karɓar irin su mayar min da takardar. Har suna sun sa min, wai 'yar kwaɗi. Dammann ne ya fara, shugaban babbar jam'iyya, mai son titin nan naki kamar shi ya haife shi. Ranar Alhamis a zauren muhawara ya nuna ni ya ce, "Jama'a na neman aikin yi, ita kuwa baiwar Allah tana neman kwaɗi."

Na ce, "Gaskiya ne. Amma ni an koya min in ɗauki abu mai rai a bokiti in kai shi inda za shi ban zubar ba. Ku shekara goma kuna ɗauke da jihar nan, a duba hanya a ga abin da ya zube."

Gwaggo, zauren ya tashi! Har matarsa na hango tana danne dariya da hankici. Da aka fito ya miƙo min hannu ya ce, "Wa ya koya miki baki haka?" Na ce wata mai raba wasiƙu ce a Ellerbrook, in ya isa ya je ya gwada ta.

Maganar kwalbati kuwa, na ji. Ba zan ce miki na rantse ba, na ga yadda rantsuwar 'yan siyasa ke narkewa. Amma in jam'iyyarmu ta shiga gwamnati, kowa ya san ni za a ba ma'aikatar muhalli. Tun ina jami'a nake mafarkin kujerar nan, har na san tagar da zan sa tukunyar fure. In na zauna a kanta, takardarki ce ta farko a kan tebur.

Ki bar wa Hinnerk bokitai masu nauyi, tunda tausayi ne ya yi masa yawa.

Taki,
Gesa

*

Ellerbrook, 14 ga Oktoba

Gesa!

Gaisuwa a taƙaice yau, murna ta cika ni. Ina lafiya, gwiwa ma jiya ta manta da kanta.

Mun taru a gidan abincin ƙauye tun biyar da rabi, kowa da kofinsa, ido a kan talabijin. Ƙarfe shida daidai suka fito da sandunan nan masu launi da ke nuna ƙuri'un kowace jam'iyya. Da na ga taku ta miƙe ta wuce inda ta tsaya wancan karon, sai na ji wata tsohuwa na ihu. Ashe ni ce. Da aka karanto sunanki na saya wa kowa kek na tuffa, har da waɗanda na san ba su zaɓe ki ba, don su ci su ji kunya.

Hinnerk na lungu ya haɗe rai. Na ce, "Kai kuma wa ya mutu?"

Ya ce, "Ƙuri'a biyu ake ba mutum, ko? Ta farko na ba mutanena kamar yadda ubana ya yi."

"Ta biyun fa?"

"Hannuna ne ya zame."

Na ce masa Allah ya ƙara wa hannun santsi.

An ce babu mai iya kafa gwamnati shi kaɗai, dole ku zauna da Dammann ku sasanta. Ki ci ki ƙoshi kafin ki shiga ɗakin. Mai yunwa saurin cewa to yake yi, na gani a taron majami'a.

Gwaggonki mai alfahari

*

(A bayan kati mai hoton ginin majalisa)

27 ga Nuwamba

Gwaggo, gaisuwa a tsaye. Lafiya lau sai gajiya. Mako shida muna ɗaki ɗaya da mutanen nan, yau aka sa hannu. Mun shiga gwamnati! Amma na haɗiye kwaɗo, Gwaggo, ƙato, har yanzu yana maƙale a wuyana. Bayani sai na samu kaina.

G.

*

Ellerbrook, 4 ga Disamba

Zuwa ga Mai Girma Ministar Hanyoyi da Sufuri,
Uwargida Gesa Holtkamp

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinku, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Lafiyata ba za ta dame ku ba, don haka na bar ta.

Katinku ya iso. Na san abin da 'yan siyasar ƙasar nan ke nufi in sun ce sun haɗiye kwaɗo: sun amince da abin da suka ce har abada ba za su amince da shi ba, don a ba su wani abin. Na kwana biyu ina tambayar kaina wane kwaɗo ne wannan. Sai jarida ta hutar da ni. Shafin farko ya ce za a faɗaɗa titin Ellerbrook zuwa layi huɗu. Shafi na biyu ga hotonku kusa da Dammann, kuna murmushi, a ƙasa an rubuta sabuwar ministar hanyoyi.

Ashe kwaɗina ne. Kuma kun rasa wanda za ku rubuta wa wannan kalma sai ni. Da kun ce min kun yi ƙoƙari an fi ƙarfinku, da na dafa kofi na yi kukana na haƙura. Amma a ba ku titin a hannu, da mota da direba, sannan ku aiko min da kati kuna wasa da abin!

A matsayina na 'yar ƙasa mai ƙuri'a, ina neman a sanar da ni ranar da za a fara aikin, don in san yawan shekarun da suka rage min na ɗaukar bokiti. Na aiko wannan ta ma'aikatarku, tunda yanzu can ne gidanku.

Da girmamawa,
Irmhild Osterloh,
tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya

*

Ellerbrook, 9 ga Fabrairu

Ranku ya daɗe,

Da fatan kuna lafiya. Ni na yi mura na warke, ba tare da taimakon gwamnati ba.

Na samu amsar ofishinku. Ga ta, ko ba ku gani ba: "Muna godiya da sha'awar da kuka nuna ga harkar hanyoyi. Minista na ɗaukar ra'ayin 'yan ƙasa da muhimmanci. An ba wasiƙarku lamba 4417." Na kuma samu katin Kirsimeti na ma'aikata, mai hoton gada, da sa hannunku na inji.

Na raba wasiƙu shekara talatin da huɗu, na kai na haihuwa, na kai na mutuwa, na kai na sakin aure, ban taɓa kai wa mutum wadda ta kai wannan sanyi ba. Hinnerk ya ce in yi haƙuri, wai haka manya suke. Kun ga inda muka kai, yau Hinnerk ne ke kare ku.

Ranar ashirin ga wata za mu kafa shinge. Mu uku ne bana.

Lamba 4417

*

Daga birni, 16 ga Fabrairu

Gwaggo! Gwaggona!

Ina gaishe ki, ina tambayar mura da gwiwa, amma a gurguje, don in ban faɗi abin da ke bakina ba zan fashe.

Yau da safe sakatariyata ta shigo da takardu biyu tana dariya. Ta ce, "Akwai wata tsohuwa da ke rubuto mana da alƙalamin tawada, ta ce kin cinye mata kwaɗi. Na ce bari ki gani ki yi nishaɗi." Ina ganin rubutun na gane shi tun daga bakin ƙofa. Na karanta a tsaye. Da na kai wurin "ranku ya daɗe" sai na zauna. Tun ina cikin zanin goyo kike ce min ke. Ko ranar da na saki kajinki cikin lambun Hinnerk ba ki ce min ku ba. An zage ni a majalisa, an zana ni a jarida da kan kwaɗo, babu wanda ya shige ni kamar wannan "ku" ɗin.

Wasiƙun ma'aikata ɗari-ɗari suke zuwa, wani ofishi ne a ƙasa ke amsa su, ban san kin rubuto ba. Na kira ki ranar Kirsimeti sau biyar. Da na ji shiru na ce halinki ne. Laifina ne da ban rubuta ba, na yarda, aiki ya sha kaina. Laifina ne kuma da na ɗauki maganar da muke yi kullum a majalisa na aika wa mace ɗaya tilo a jihar nan da za ta ɗauka kwaɗin gaske ake nufi. Torben ya ce ko jaki ba zai yi wannan ba.

To ga kwaɗon da na haɗiye. A mako na biyar na gane titin nan za a yi shi, da mu ko babu mu, don in mun fita Dammann na da wasu da za su shiga. Ya ce min, "Ɗauki muhallinki ki je ki shuka itatuwa, ki bar mana hanyoyi." Na koma na duba doka, sai na ga ma'aikatar muhalli shawara kawai take bayarwa a kan titi. Wanda ke riƙe da hanyoyi shi ke cewa a zuba kankare nan, a bar rami can. Da na karɓi kujerar da nake mafarki, da takardarki na kan teburina, ina aika wa wani roƙo yana ba ni lamba.

Washegari na ce masa, "Na bar muku muhalli. Hanyoyi nake so."

Ya cire tabarau ya ce, "Ke? Ke da kike zuwa nan a kan keke?"

Na ce, "Shi ya sa na san inda ramuka suke."

Ya yi dariya har da tari, ya ɗauka ya ci riba. 'Yan jam'iyyata kuwa wasu har yau ba sa gaishe ni. A taronmu wani ya miƙe ya ce na sayar da kaina don mota. Ranar da aka rantsar da wani a kujerar muhalli na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito aka ɗauki hoton nan da kika gani. Wannan ne kwaɗon, Gwaggo. Nawa ne, ba naki ba.

Na haɗo miki yarjejeniyar kafa gwamnatin gaba ɗaya. Buɗe shafi na casa'in da huɗu, layi na sha ɗaya. 'Yan jarida ba sa wuce shafi na goma. Ki sa tabarau, ki kira Hinnerk ya zama shaida.

Motar kuwa tana nan a ajiye. Direban ya gaji da zama ya sayi keke, tare muke zuwa aiki.

Don Allah ki ce min ke.

Gesa

*

Ellerbrook, 21 ga Fabrairu

Ke Gesa, ja'ira,

Lafiyata lau, mura ta tafi, kunya ce ta maye gurbinta.

Na kira Hinnerk kamar yadda kika ce. Ya zauna a kicin ya buɗe littafin nan naku mai nauyin bulo, ya bi da yatsa yana karantawa kamar ɗan aji biyu: "Duk titin jiha da aka gina ko aka faɗaɗa, in ya ratsa hanyar ƙananan dabbobi, za a yi musu mashiga ta ƙarƙashi kafin a buɗe shi ga motoci."

Ya ɗago ya ce, "Su wane ne ƙananan dabbobi?"

Na ce, "Kai da kwaɗi."

Ya ce, "Irmhild, duk titi fa aka ce. Ba namu kaɗai ba."

Sai a lokacin na ji maganar ta shige ni. Na tashi wai zan duba ruwan kofi, na tsaya na ba shi baya. Ya ce ruwan bai tafasa ba. Na ce ya yi min shiru.

Ni kwalbati ɗaya na roƙa, ke kika je kika ajiye abin da kike so tun kina yarinya kika ɗauko na jiha guda. Ni kuwa na zauna nan ina ce miki ranku ya daɗe. Ki yafe wa tsohuwa. Amma ki sani, da kin rubuta layi uku maimakon biyu a katin nan da ba a yi haka ba. Akwai sauran fili a ƙasan katin, na auna.

Waɗanda ba sa gaishe ki, ki turo min su ranar Asabar da ƙarfe shida na safe. Akwai bokiti ashirin da biyu da ke neman masu kishin muhalli.

Gwaggonki

*

Daga birni, 9 ga Maris

Gwaggona,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafa bayan tsayuwar Litinin ɗin makon jiya? Na ga kin ƙi kujerar da aka kawo miki.

Shekara biyu muna haƙa da zuba kankare, kina aiko min da gyara duk wata, sai ga ranar buɗewa ta zo da sanyin da ko kare bai fito ba. Kin dai gani da idonki: ga 'yan busa, ga ƙyalle, ga almakashi, ga masu ɗaukar hoto sun durƙusa a bakin kwalbati shida, ba kwaɗo ko ɗaya. Jiya wata jarida ta buga hoton ramin ta rubuta "Fadar da minista ta gina, masu gida sun ƙi tarewa." Dammann ya wuce ni a majalisa ya ce, "Ko a aika musu da takardar gayyata?"

Dariyar ba ta dame ni ba, na saba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne mun cire shingenki da bokitanki, mun sa katangar kankare. In suka zo suka ƙi shiga ramin, babu bokitin da za su faɗa, babu mai tsallakar da su layi huɗu. Masana sun ce za su shiga. Amma masana ba su san kwaɗin Ellerbrook ba, ke kika san su. Ina tsoron kada in zama na raba ki da abin da ke aiki na ba ki abin da ba ya yi.

An ce ɗumi na tafe ƙarshen mako. Ki rubuto min ko mene ne, kada ki rage komai.

Taki,
Gesa

*

Ellerbrook, 14 ga Maris

Gesa, 'yata,

Ina gaishe ki da Torben. Jikina duk ciwo yake yi, za ki ji dalili, kuma ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

Alhamis da yamma iska ta juya, ruwa ya sauko mai ɗumi. Juma'a gari na fara wayewa na buga wa Hinnerk taga. Muka bi ta gadar masu ƙafa muka sauka ɓangaren tafki. Ni ma tsoron da kike ji shi nake ji, ban dai faɗa miki ba. A bakin kwalbati na uku muka tsaya, ba a ganin komai daga tsaye.

Na ce, "Sai mun kwanta."

Ya ce, "Irmhild, shekarata tamanin da huɗu."

Na ce, "To ka kusa saba wa kwanciya a ƙasa, fara gwaji."

Muka kwanta rub da ciki a cikin taɓo, kai da kai, ya haska tocila. Ramin dogo, can ƙarshensa ɗan haske. Ba kwaɗo ko ɗaya. Na fara shirya yadda zan rubuta miki. Sai Hinnerk ya damƙe min hannu.

Wata uwa ce, ƙatuwa, da namiji goye a bayanta kamar yadda suka saba, malalata. Tana tafe a tsakiyar ramin ba sauri ba tsoro, sama da kanta manyan motoci na wucewa, ko a jikinta. Ta iso daidai hancina ta tsaya. Muka kalli juna. Sai ta kauce ta bi ta gefen kunnena ta nufi ruwa. A bayanta ga wasu, ga wasu, har na daina gane inda ɗaya ya ƙare wani ya fara. Na ƙirga zuwa ɗari da sittin, idona ya cika na ɓata lissafi. Hinnerk ya ce taɓo ne ya shiga nasa idon.

Da muka ce bari mu tashi, sai tashi ya gagara. Ni na dafa shi, shi ya dafa ni, muka koma. Muna nan kamar buhu biyu muna dariya, har wani direban babbar mota ya hango mu daga sama ya ɗauka gawa ce. Ya tsaya ya sauko a guje, ya ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce me muke nema a nan? Hinnerk ya nuna ramin ya ce, "Aikin 'yarmu muka zo dubawa. Minista ce." 'Yarmu, ki ji fa! Direban ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ɗauki hoto da wayarsa, na ce ya aika wa jaridar nan ya ce masu gida sun tare.

Kada ki ƙara cewa kin raba ni da wani abu. Shekara arba'in da huɗu ina ɗaukarsu, kullum da fargabar ranar da ba zan iya fitowa ba. Yanzu ko gobe na mutu za su kai ruwa.

Yau Asabar ban sa agogo ba. Na farka ƙarfe takwas da kwata, rana ta cika ɗaki. Rabona da barcin safe a watan Maris tun kafin uwarki ta yi aure. Na zauna a bakin gado ina sauraro, ta taga ina jin su can a tafki suna ta hayaniyarsu. Sun wuce da asuba, babu wanda ya neme ni. Abin da na roƙa ke nan, kuma na samu, na gode. Sai dai ban san me mutane ke yi da safiya ba. Ki zo hutun Ista ki koya min.

Gwaggonki,
Irmhild